Tamfol, jingina ko rumfa mai zaman kanta: ina ya dace ka ajiye itacen ɗumama gida?

Wanda ya ƙudura ɗumama gidansa da itace a ƙasar da sanyi ke cin wata biyar ko shida, yawanci murhu ne ke ɗauke masa hankali: na wane kamfani, yaya girmansa, mai ƙofar gilashi ko marar ita. Maganar inda itacen zai zauna kuwa sai a bar ta can ƙarshe, in kuɗi ya ragu. A ganina an juya lissafin ne. Murhu mai tsada in ya haɗu da ɗanyen itace ba abin da zai ba ka sai hayaƙi da baƙin gilashi, alhali matsakaicin murhu da busasshen itace zai raba iyalinka da rawar ɗari har sanyi ya wuce. Bushewar itace kuma ba a cikin murhu ake samunta ba, a ma'ajiya ake samunta.

Hanyoyin ajiya da mutane suka fi bi guda huɗu ne: a jera itace a fili a rufe samansa da tamfol, a yi rumfa mai jingina da bangon gida, a gina rumfa mai zaman kanta wadda iska ke ratsawa, ko a zuba shi a rufaffen ɗaki kamar gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kafin a gwada su da juna sai an fahimci abin da ake nema daga gare su, don in ba haka ba za a zaɓi wadda ta fi kyau a ido.

Ruwan da ke cikin itace

Bishiyar da aka sare yau, kusan rabin nauyinta ruwa ne. Ya danganta da irinta da lokacin sara, amma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari shi ne abin da aka saba gani. Itacen da ya dace da murhu kuwa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 20. Wannan adadi ba ra'ayin wani ba ne kawai. A Ingila tun watan Mayun 2021 doka ta hana sayar wa gidaje itacen da danshinsa ya haura kashi 20, muddin bai kai mita kubik biyu ba.

Mu ɗauki tan ɗaya na ɗanyen itace mai danshi kashi 50. Kilo 500 itace ne, kilo 500 ruwa. Ranar da ya sauko kashi 20, nauyinsa ya koma kilo 625. Wato lita 375 na ruwa sun fita daga cikinsa sun bi iska. Gidan da ke ƙona tan huɗu na busasshen itace a shekara, sai da fiye da lita 2,000 na ruwa suka bar wannan itacen kafin ya cancanci wuta. Aikin rumfa ke nan. Kare itace daga ruwan sama rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne barin ruwan ciki ya samu hanyar fita.

Akwai wani abu da ake yawan fahimta a karkace. Ana cewa ɗanyen itace rabin zafin busasshe yake bayarwa, kuma haka ne idan kilo da kilo aka gwada: busasshe yana ba da kimanin kilowat-awa 4 a kowane kilo, ɗanye kuwa 2 da ɗan kai. Amma idan gungume ɗaya ne ka auna kafin bushewa da bayanta, zafin da ruwan ke cinyewa wajen zama tururi kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai. To ina sauran asarar take? A cikin hayaƙi. Itace in ya ɗau zafi yana fitar da gas, kuma babban kaso na ƙarfinsa a cikin gas ɗin yake. Shi kuwa ba ya kamawa sosai sai zafin murhu ya doshi digiri 600 a ma'aunin Salsiyas. Tururin ɗanyen itace yana danne wutar ta kasa kai wa nan, sai gas ɗin ya haye bututu bai ƙone ba, ya sanyaya a hanya, ya manne a jikin bututun ya zama wata baƙar kwalta mai kama wuta. Ita ce ke haddasa gobarar bututun hayaƙi. Ka ga ke nan ɗanyen itace ya cuce ka sau biyu: ya hana ka zafin da ka biya, ya kuma tara maka haɗari a saman kai.

Abubuwan da ke busar da itace uku ne, iska, rana da lokaci, kuma iska ce babbarsu. Duk wanda ya taɓa shanya tufafi a rufaffen ɗaki ya san bambancinsa da shanya a inuwar da iska ke kaɗawa. Ruwa ya fi fita ta bakin yanka da ta fuskar da aka faskara, ɓawo kuwa riƙe shi yake yi. Shi ya sa gungumen da ba a faskara ba zai iya shekara biyu a kwance cikinsa na nan jiƙe. Itace mai laushi irin su pine, in an faskara shi da wuri, rani ɗaya ya ishe shi. Mai tauri irin su oak yana neman shekara biyu, wani lokaci ma fiye.

Murhunka ne zai gaya maka girman rumfar

Ba za a iya zaɓen ma'ajiya ba tare da sanin yawan itacen da za ta ɗauka ba, shi kuma yawan itace murhu ne ke yanke shi. Buɗaɗɗen murhu na jikin bango, wanda ake zama a kalli wuta, ya fi kowanne kyau kuma ya fi kowanne ɓarna: kashi 10 zuwa 20 na zafin itacen ne kawai ke zama a ɗaki, saura ya bi bututu, har ma yana zuƙe iskar ɗakin da ta riga ta ɗumama. Wannan matsala ta daɗe, ita ce ta sa Benjamin Franklin, masani ɗan Amurka, ya ƙera murhunsa na ƙarfe tun wajen 1742. Rufaffen murhun ƙarfe na zamani yana riƙe kashi 70 zuwa 80. Dokoki ma sun matsa wa masu ƙira: a Amurka tun Mayun 2020 sabon murhu ba zai wuce giram 2 zuwa 2.5 na ƙurar hayaƙi a awa ba, a Tarayyar Turai kuma sabbin ƙa'idoji sun fara aiki a Janairun 2022. Sai kuma murhun bulo ko na dutse irin wanda aka sani a Finlan da Rasha da Jamus, mai nauyin tan ɗaya zuwa uku. Ana hura masa wuta mai ƙarfi ta awa ɗaya ko biyu, jikinsa ya shanye zafin, ya riƙa sakinsa a hankali na tsawon yini ko kwana.

Ga misali don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce gida yana bukatar zafi na kilowat-awa 12,000 a lokacin sanyi guda. Da murhun da ke riƙe kashi 75, sai an ƙona itacen da ke ɗauke da 16,000, wato tan huɗu na busasshe. Mita kubik ɗaya na jerarren itace mai tauri yana kai kilo 450 zuwa 500, saboda haka ana maganar mita kubik takwas zuwa tara. In itace mai laushi ne, sai wajen goma sha biyu, don kilo da kilo zafinsu kusan ɗaya ne, wuri ne kawai mai laushin ya fi ci. Da buɗaɗɗen murhu kuwa sai ka ninka wannan sau huɗu zuwa bakwai, abin da ke nuna cewa ba shi ne abin ɗumama gida ba, abin hira ne.

Yanzu ka ninka biyu. Nan ne masu gina rumfa a karon farko suka fi faɗawa rami. Suna gina wadda za ta ɗauki itacen shekara ɗaya, sai su ga ba inda za a sa na baɗi alhali na bana bai ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: itacen da za ka ƙona a wannan sanyin ya kamata ya kasance tun bara, ko bara waccan, yake kwance a rumfa. Don haka gidan misalinmu yana bukatar wurin mita kubik goma sha shida zuwa sha takwas, sai fa in busasshe yake saye kai tsaye.

A lura da ma'auni wajen saye. A Amurka da Kanada ana sayarwa da abin da suke kira kod, wanda ya kai mita kubik 3.6 a jere. A Faransa da Jamus da maƙwabtansu mita kubik ne. Amma mita kubik na itacen da aka watsa a bayan mota ba daidai yake da na wanda aka jera ba, na watsen in ka jera shi zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka tambayi mai sayarwa wanne yake nufi kafin a sauke.

Jeri da tamfol

Ita ce mafi araha, kuma in an yi ta daidai tana busar da itace fiye da yadda ake zato, don ba abin da ke tare iska ko rana. A shimfiɗa sanduna biyu ko katakon dakon kaya, wato dandamalin katakon da ake ɗora kaya a kai wajen sufuri, a ƙasa, a jera layi ɗaya ko biyu, a rufe sama kawai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lulluɓe jerin gaba ɗaya har ƙasa. Danshin ƙasa da na itace sai su taru a ciki, su zama raɓa a jikin tamfol, su koma kan itacen. Bayan wata shida ka buɗe ka tarar da funfuna. Tsohon kwanon rufi da aka danne da duwatsu ya fi tamfol nesa ba kusa ba, don ba ya kwanciya a kan itacen.

Aibinta yana fitowa ne a tsakiyar sanyi. Rana tana cinye tamfol cikin shekara ɗaya ko biyu, iska tana yaye shi da dare, ruwa yana taruwa a inda ya lotsa, in kuma ƙanƙara ta kama shi sai ka yi kokawa da shi da hannuwa a daskare kafin ka zaro itace biyar. Jerin ma yana rushewa, domin itace yana motsewa in yana bushewa, sai ya karkata ta ɓangaren da rana ta fi duka. Araha dai ba ta ado.

Akwai ƙanwarta, jerin da'ira da aka sani a Jamus da wasu ƙasashen arewacin Turai. Ana zagaya itacen kamar ginin rijiya, a watsa gajeru da karkatattu a tsakiya, a rufe sama da ɓawo yana kallon sama. Mai faɗin mita biyu da rabi da tsayin mita biyu yana ɗaukar kusan mita kubik goma, wato itacen shekara guda a ɗan ƙaramin fili, kuma yana tsayuwa da kansa ba ginshiƙi. Masu sonsa suna cewa ya fi saurin bushewa. Ni dai ina da ja a nan: na gefe yana bushewa da kyau, na tsakiya kuwa ba ya ganin rana. Kuma da zarar ka fara ɗiba ka cire masa rufi. Ya fi dacewa da matakin farko na bushewa, kafin a kwashe zuwa wani wuri.

Rumfa mai jingina da gida

Wannan ita ce mai jan hankali, kuma dalilinta a fili yake. Bango ɗaya ya riga ya samu, ginshiƙai biyu ko uku kawai za ka kafa, sannan taku biyar ne daga ƙofa zuwa itace. Wanda ya taɓa fita ɗebo itace da asuba cikin dusar ƙanƙara ba zai raina wannan ba. In bangon yana fuskantar rana, yana ma ƙara wa itacen ɗumi.

Sai dai abin da ta ba ka da hannun dama tana karɓa da na hagu. Bango ya toshe ɓangare guda, iska ba ta ratsawa, sai layin baya ya yi ta zama da danshi. Ana rage wannan da barin tazarar santimita goma ko fiye tsakanin itace da bango, amma ba ya kawar da shi. Na biyu, tarin itace gidan baƙi ne: ɓeraye, tururuwa masu huda katako, gara a inda take, da ƙwarin da ke zaune ƙarƙashin ɓawo. In gidanka na katako ne, ka kawo su bakin abinci ke nan. Na uku shi ne wuta. Tan takwas na busasshen itace a jikin bango ba ƙaramin makamashi ba ne. A yankunan da gobarar daji ke aukuwa, ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, tana ba da shawarar a nisanta tarin itace da gida da ƙafa 30, kimanin mita tara. Ko ba a irin wannan yanki kake ba, ka tambayi kamfanin inshorarka da hukumar gine-ginen yankinka, don wasu suna ɗaukar duk abin da ya manne da gida a matsayin ƙarin gini. Ka kuma ɗaga kai ka dubi rufin gidan: in ruwa ko dusar ƙanƙara daga can suke sulmiyowa, rufin rumfar ne zai karɓe su.

Hukuncina a kanta: tana da kyau ƙwarai in ƙarama ce, mai ɗaukar itacen mako biyu ko uku wanda ya riga ya bushe. A matsayin babbar ma'ajiya kuwa ban yarda da ita ba.

Rufaffen ɗaki

Ba sai an tsawaita ba. Ɗanyen itace a gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya bushewa, ruɓewa yake yi a hankali, kuma waɗancan lita 375 na kowane tan bangon gidanka da huhun yaranka ne za su sha su. Busasshe kuwa ba laifi a ajiye shi a ciki, nesa da tukunyar gas da mota da duk abin da ke tartsatsi. Wanda yake sayen itacen da aka busar a inji, kuma yana da wurin, ba ya bukatar gina komai.

Rumfa mai zaman kanta

Ita ta fi cin kuɗi da aiki, ita ce kuma kaɗai ke yin aikin duka biyu, karewa da busarwa, ba tare da ta jawo wa gida matsala ba. Amma ba kowace rumfa ce ke cin sunanta ba. Da yawa waɗanda ake sayarwa a shirye ƙananan ɗakuna ne kawai da aka cire wa ƙofa, bango a toshe ta uku, itace na kwance a kan daɓe. Abubuwan da ke bambanta mai kyau da marar kyau kaɗan ne, kuma tun ran gini tun ran zane.

Fara da ƙasa. Itace ya tashi daga ƙasa da santimita 15 zuwa 20, a kan katakai masu tazara, yadda iska za ta shiga ta ƙarƙashi ta hau. A zuba tsakuwa a ƙasan don kada ciyawa ta toshe hanyar kuma kada ruwa ya kwanta. Kada a raina nauyi: jerin ɗanyen oak mai tsayin mita 1.8 yana ɗora fiye da tan ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Katakon da zai ɗauki mutum yana tafiya ba shi ne zai ɗauki wannan ba. A yawaita bulon da ke tallafe da shi a tsakiya, ba a kusurwa huɗu kawai ba. Ginshiƙai kuma gara su zauna a kan kankare ko takalmin ƙarfe da a binne su kai tsaye, don daidai inda katako ya haɗu da ƙasa nan yake fara ruɓewa. A inda ƙasa ke daskarewa, tushen ya sauka ƙasa da iyakar daskarewar, in ba haka ba duk shekara sai ta ɗaga rumfar ta karkatar da ita.

Sai zurfi, wanda a ganina shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Rumfa mai murabba'i, mita uku ta kowane gefe, tana da saukin gini kuma ba ta cin kwano da yawa, amma iska ba ta kai wa tsakiyarta, sannan itacen da ka fara sa wa, wanda ya fi bushewa, shi ne a can ƙurya inda ba za ka kai gare shi ba sai ka kwashe sabon. Doguwa siririya ta fi. Zurfin mita ɗaya da rabi, wato layi huɗu na itace mai tsawon santimita 33 da 'yar tazara tsakaninsu, da tsayin jeri mita 1.8, in ta kai tsawon mita bakwai za ta ɗauki itacen shekara biyu na gidan misalinmu. A raba ta gida biyu ko uku da shinge a tsakani: wannan na bana, wancan na baɗi. Kana ƙona ɗaya kana cika ɗaya. Shingen yana kuma riƙe jerin kada ya zube. In fili ya ba da dama a buɗe ta gaba da baya, ya fi, sai ka cika ta nan ka ɗiba ta can.

Gefuna da baya a yi su da katakai masu tazarar kamar faɗin tafin hannu. Wasu suna jin tsoron feshin ruwa zai shiga. Zai shiga, amma ruwan sama a fatar itace yake tsayawa, yini ɗaya na iska ya busar da shi. Wanda ke cutarwa shi ne ruwan da ke ɗiga daga sama kullum a wuri ɗaya, da wanda ke tasowa daga ƙasa. Don haka kuɗin ya tafi kan rufi: ya gangara baya don kada ya zubo a kan mai ɗiban itace, ya zarce jikin rumfar da aƙalla santimita 30 ta kowane gefe, a kuma bar sarari tsakanin saman jeri da kwano don iska mai danshi ta samu mafita. A wurin da dusar ƙanƙara ke taruwa, katakon rufi ya yi kauri kuma gangaren ya yi tsaye sosai. A wurin iska mai ƙarfi, a ɗaure rufin da ƙarfe, don buɗaɗɗiyar rumfa in ta zama fanko a ƙarshen sanyi iska na iya shiga ƙarƙashinta ta ɗauke kwanon.

Wajen fuskantarwa, a arewacin duniya buɗaɗɗen gefen ya kalli kudu, a kudancin duniya ya kalli arewa. In rana da iska suka saɓa, wato inda rana ta fi ba nan iska ke bi ba, ni iska zan bi. Kada dai a cusa ta tsakanin katanga da bishiyoyi don a ɓoye ta daga ido. Nan ne wurin da ya fi kowanne laima a fili.

Nisa da gida ma ciniki ne. Tan huɗu a shekara, kuma kowane itace sai ka ɗauke shi aƙalla sau uku: zuwa rumfa, zuwa ƙofa, zuwa murhu. Mita goma da hanya mai kyau wadda baro zai bi ya fi mita biyar da matakala. Ka kuma tuna da motar da za ta kawo itacen, ta iya sauke shi kusa.

Game da kayan gini, katakon dakon kaya yana yin daɓe da gefuna masu kyau kusan kyauta. A duba tambarin da ke jikinsa: HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuwa da guba ce, a guje shi. Ragowar katakon da aka yi wa fenti ko maganin ruɓewa kada ya shiga murhu ko da wasa, tsofaffin irinsu ma har da sinadarin asenik mai guba a ciki.

To wa zai zaɓi me?

Mai haya, ko wanda yake gwada ɗumama da itace a shekarar farko, ya tsaya a jeri da kwano a kai. Bai san yawan abin da gidansa ke ci ba tukuna, kuma rumfar da aka gina da hasashe ko dai ta yi kaɗan ko ta zauna a inda bai dace ba. Sanyi ɗaya zai nuna masa adadin, ya kuma nuna masa inda iska ke bi da inda ruwa ke kwanciya a filinsa.

Wanda murhu ƙari ne kawai a gidansa, ana hura shi da yamma ko ƙarshen mako, mita kubik biyu ko uku sun ishe shi. Ya sayi busasshe, ya yi 'yar ƙaramar jingina ko ya ware kusurwa a gareji, shi ke nan.

Wanda kuwa itace ne ginshiƙin ɗumin gidansa, yana sayen ɗanye da araha ko yana sara da kansa, babu makawa sai rumfa mai zaman kanta mai gida biyu, tare da ƙaramar ma'ajiya a bakin ƙofa. Ratar farashin ɗanye da busasshe ita ce za ta biya kuɗin ginin a hankali. In oak ne mafi yawan itacensa, gida uku ya fi, ko ya bar shi shekara guda a jere a fili kafin ya shigar da shi. Mai murhun bulo yana da sauƙi a nan, don murhunsa yana son itace siriri mai saurin kamawa, ko mai laushi ma ya yi, shi kuwa siriri ba ya daɗewa bai bushe ba.

Akwai kuma wanda ya kamata ya sake tunani gaba ɗaya. Ko murhu mafi tsafta yana fitar da ƙurar hayaƙi mai shiga huhu. A unguwa mai cunkoso, ko gidan da ke da mai asma ko jariri, rumfa mai kyau tana rage matsalar ne, ba ta kashe ta. Wasu garuruwa ma suna da dokar taƙaita hayaƙi, a bincika kafin a sayi komai. Wanda ya ci gaba kuma, abubuwa uku ba a sasanci a kansu: a share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, a sa na'urar gano iskar kabon monoksaid mai guba a kusa da ɗakunan kwana don ita ba ta da wari, a kuma zuba toka a bokitin ƙarfe mai murfi a waje, domin garwashi yana iya kwana biyu ko uku da rai a cikinta.

Duk wadda ka zaɓa, na'urar auna danshi ce za ta gaya maka ko tana aiki, kuma ba ta da tsada. Kada ka auna a bakin yanka, nan kullum a bushe yake. Zaro itace daga tsakiyar jeri, ka shigo da shi ɗaki ya kwana, ka faskara shi biyu, ka soka allurorin a sabuwar fuskar. In babu na'ura, buga biyu da juna: busasshe yana ƙara kamar sanda, ɗanye kuwa sai ka ji dum. In kuma ka sa shi a wuta ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa, to wannan layin ka bar shi sai baɗi, ka koma na gaba wanda ya fi shan iska.